Yadda Ake Mai da Awon Hannu Inci

Turawan Ingila ba su faɗin tsayin doki da ƙafa da inci. Suna da wani awo na musamman wanda suke kira hannu. Asalinsa faɗin tafin hannun mutum ne. Amma da yake hannun wani ya fi na wani faɗi, sai aka yi doka a 1540, zamanin Sarki Henry na 8, aka tsai da shi inci 4 daidai. Har yanzu da shi ake awon dawaki a Ingila da Amurka.

In za a auna doki, akan tsai da shi a wuri mai baiɗaya, a auna daga ƙasa zuwa tudun nan da ke tsakanin kafaɗunsa, inda wuya ya gamu da baya. Ba a aunawa har kai, domin doki yakan ɗaga kansa, ya kuma sunkuyar.

To, ga inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. In kun ga an rubuta 15.2, kada ku ɗauki ɗigon nan kamar na lissafin kashi goma da muke yi a aji. Nufinsa hannu 15 da inci 2. Sai ku yi 15 sau 4, ya ba ku 60, ku ƙara 2, ya zama inci 62. Saboda haka lambar da ke bayan ɗigo ba ta wuce 3, gama inci 4 ya cika hannu guda. Daga 15.3 sai 16.

In kuwa inci aka ba ku, sai ku raba da 4. Inci 65 ya ba da 16, saura 1, watau 16.1.

Kada a raina wannan bambanci. Bisa al'adar Ingila, dokin da bai wuce 14.2 ba, watau inci 58, kuru ne, ajinsa daban a wurin gasa. Mai 14.3 kuwa inci 59 ke nan, ya wuce iyaka. Amma wanda ya yi 14.3 sau 4 kai tsaye zai sami 57.2, ya jefa dokin cikin ajin da ba nasa ba.

Ku riƙe wannan: a riɓanya na gaban ɗigo, a ƙara na bayansa.