Gajiya a Wurin Masu Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama

Manomi a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa yakan ɗaga kai ya hangi jirgi yana keta sararin samaniya, ya ɗauka matuƙi ne kaɗai ke da iko da shi. Alhali kuwa akwai wani ma'aikaci zaune a Kano, gaban na'urar hango jirage, wanda ke gaya wa matuƙin bisan da zai yi da hanyar da zai bi, don kada ya yi karo da wani jirgin.

A Zariya ake horar da waɗannan ma'aikata, a kwalejin koyon aikin jiragen sama wadda aka kafa a 1964. Horon yana da tsawo, saboda haka idan wasu suka bar aiki ba a saurin maye gurbinsu. Sai aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya, dare da rana. To, wanda bai sami isasshen barci ba hankalinsa yakan rabu, ya makara wajen lura da haɗari.

Ranar 1 ga Yuli, 2002, jirage biyu suka yi karo a sararin kudancin Jamus, mutum 71 suka rasu. Ma'aikaci ɗaya ne a birnin Zurik yake riƙe da aikin mutum biyu a wannan dare, abokin aikinsa yana hutawa. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganin abin shi ne a horar da isassun ma'aikata, a kuma ƙayyade musu sa'o'in aiki da na hutu.