Ƙarin ɗaki a cikin kwamfuta

A Kégué, kamar sauran unguwannin Lome da 'yan Zongo suka zauna, ginin gida ba ya ƙarewa. Mutum zai sayi fili ya ɗora ɗaki biyu da zaure, ya tare da iyalinsa. Kafin a ankara ƙanensa ya sauko daga Sokode, babban ɗa ya isa aure, ga baƙin fatauci daga Maraɗi waɗanda ba a ce musu babu masauki. Ba wanda ke rushe gidansa saboda wannan. Magini ake kira, ya auna abin da ya rage na tsakar gida, a sayo bulo da kwano, a ƙara ɗaki.

Kwamfutar tebur ma haka take, amma mutanenmu da yawa ba su ɗauke ta haka ba. Ran da layin faifan ajiya ya koma ja, ta fara nauyi, sai ka ji an ce ta tsufa. Wani ya kai ta wurin masu gyara a Dekon a goge komai, tafsirin azumin shekaru da hotunan sunan yara su tafi. Wani ya fara tara kuɗin sabuwa. Abin yana ba ni takaici, domin yawanci lafiyarta ƙalau, ɗaki ne ya yi mata kaɗan.

Magini na kirki ba ya fara haƙa sai ya ga fili. Kai ma cire wuta, buɗe murfin gefe, ka duba abu uku: gurbin da faifan zai zauna, bakin jona faifai na SATA da ba kowa a kai a jikin babban allon, da kuma wayar wuta da ta rage daga akwatin wutar. Doguwar kwamfuta irin ta tsaye kusan kullum tana da su. Matsalar tana ga siraran Dell da HP na hannu da ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Lome, waɗanda aka ƙera domin ofis. Da yawansu gurbi ɗaya ne na faifai mai inci 3.5, kamar gidan da aka cike filinsa har bakin katanga. A nan sai dabara: ko ƙaramin faifai mai inci 2.5, ko a cire na'urar DVD da ba a amfani da ita a ba shi wurinta.

Sai tambayar wa zai kwana ina. Faifai iri biyu ne a kasuwa. Akwai na da, mai juyawa a ciki, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti. Yana da arha da faɗi amma yana da nawa. Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera shi a duniya: Seagate, Western Digital da Toshiba. Akwai kuma SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, mai saurin gaske, sai dai tsada. A ganina tsarin da ya fi shi ne na gidan da aka san abin da ake yi: zaure ƙarami ne amma nan ake shige da fice, ɗakin kaya kuwa babba ne a can ciki. Windows da manhajoji su zauna a SSD ko da mai gigabait 256 ne. Finafinan Kano, wa'azi da bidiyon biki su koma babban faifai mai terabait 1 ko 2. Wanda ya yi haka zai ga tsohuwar kwamfutarsa tana tashi cikin daƙiƙoƙi.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne bayan an ɗaura. Ka kunna, ka duba, ba ka ga sabon faifan ba, sai ka ce an cuce ka. Ɗaki ne aka gina ba a fasa masa ƙofa ba. Sai ka shiga Disk Management, ka zaɓa masa tsari, ka yanka shi, ka ba shi harafi kamar D. Idan ya wuce terabait 2 ka zaɓi GPT, domin tsohon tsarin MBR iyakarsa ke nan, sauran filin zai zauna a banza. A nan fa a natsu, a karanta lambar faifai sau biyu, don wanda ya goge tsohon a madadin sabon ya rushe ɗakin da ake kwana ciki. Kuma kada ka koma wurin mai shago da faɗa idan faifan terabait 1 ya nuna maka gigabait 931. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024.

Faifan hannu shi ne ɗakin da aka rufa da tsohon kwano. Daga ƙasa yana sheƙi, sai ruwan Yuni ya zo ka san gaskiyarsa. Kafin ka biya, sa mai shago ya jona shi ya buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta, za ta nuna awannin da ya yi yana aiki da ko ya fara samun gurɓatattun wurare. In ta nuna rawaya, ajiye masa kayansa. In kana jin ƙaras-ƙaras daga ciki, ko kyauta ce kada ka zuba masa abin da kake so.

Abu ɗaya ne ƙarin ɗaki ba ya magani. Ɗakin yana cikin gida ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya. Gobara ko ɓarawo ba sa bambanta tsoho da sabo. In wutar lantarki ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa tana iya ƙone faifan biyu a lokaci guda, ga danshin teku da ƙurar hunturu suna cin nasu a hankali. Takardun fili, lissafin shago da hotunan iyayen da suka rasu ba su kai gigabait nawa ba. A kwafe su a faifan waje mai USB, a cire shi daga jikin kwamfutar, a kai shi gidan yaya ko a kulle a shago, a riƙa ɗauko shi duk ƙarshen wata ana ƙara abin da ya shigo.