Haɗa Sautin Waƙar da Aka Ɗauka a Dandali

Tun kafuwar Gidan Rediyon Kaduna a 1962 aka shiga ɗaukar makaɗa irin su Mamman Shata. Abin da za mu duba a nan shi ne waƙar dandali, wadda kowane makirufo yake da layinsa. Sau da yawa kalangu yakan kutsa cikin makirufon mawaƙi. Da yake sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, bugu ɗaya kan riski makirufo biyu a lokuta mabambanta, sai su raunana juna wajen haɗawa. Maganin wannan shi ne a daidaita layukan, a rage gunjin ganga daga muryar mawaƙi. Amma a ganinmu, mai shiga gasa kada ya kankare guɗa da shewar jama'a, domin su ne ran waƙar.