Hattara da Tambayoyin da ke Hana 'Ya'yan Zango Aiki

Jama'ar Zango, akwai wata ɓarna da ke yaɗuwa a ɗakunan intabiyu na Kumasi, kuma shirunmu ne ke ƙara mata ƙarfi. Yaro ya gama jami'ar KNUST, ya zauna gaban masu ɗaukar aiki, sai a ture takardunsa gefe a ce: "Ina ne garinku?" Ya ce Kumasi. A ce: "A'a, ainihin inda kuka fito." A Aboabo aka haife shi, a Yalwa aka binne cibiyar ubansa, kakansa yana fataucin goro a garin nan tun kafin Ghana ta sami 'yanci a 1957. Duk da haka sai an sa shi ya lalubo wani gari a Najeriya ko Nijar ya rataya a wuya kafin a saurare shi.

Kada wani ya ce mana hira ce kawai. Dattawanmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashe gidaje a zanguna, har da mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Wanda gidansu ya ga wannan rana ya san abin da ake nema in an tambayi asalinsa. Ana son a tuna masa cewa baƙo ne, aikin kuma na 'yan gida ne.

Unguwa ma ta zama tarko. Kowa ya san Asawase, inda Aboabo take, mazaɓar jam'iyyar NDC ce a tsakiyar yankin da jam'iyyar NPP ke da ƙarfi, don haka da yaro ya faɗi inda yake kwana an riga an yanka masa katin jam'iyya. Abin ya fi ciwo a intabiyun ƙarin girma, inda mutum ya shekara goma yana aiki ba a taɓa kuka da shi ba, ranar da za a auna shi kuma sai a koma binciken wa ya kawo shi da wa yake zaɓa. Har ta kai wasu matasanmu na aron adireshin abokai a wasu unguwanni su sa a takardar neman aiki. Wannan ƙasƙanci ne, kuma bai kamata mu saba da shi ba.

Na mata ya fi muni. "Za ki cire hijabin in mun ɗauke ki?" "Kina da aure? Yaushe za ki haihu?" Ba a tambayar namiji yaushe matarsa za ta haihu. Tun 2015 Shugaba Mahama ya faɗa a bainar jama'a cewa ba daidai ba ne a tilasta wa Musulma cire hijabi, kuma a 2019 mata sun yi tattaki a titunan Kumasi kan wannan magana, amma har yau ana yi, sai dai an rage murya. Yarinyar da ta iya lissafin kuɗi ko jinya, mayafinta bai rage mata komai ba.

Doka tana gefenmu. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana bambanci saboda jinsi, ƙabila ko addini. Dokar ƙwadago ta 2003, a sashe na 14, ta ɗora wannan hani kan mai ɗaukar aiki kai tsaye, ta ƙara da naƙasa da siyasa, kuma ta ba mai jego hutun mako 12 aƙalla. Mai aiki yana da haƙƙin ya tambayi duk abin da ya shafi aikin. In shago ne a Kejetia, a tambayi mutum ko yana jin Twi, domin da shi zai yi ciniki. In aikin dare ne, a faɗa masa awoyin a ji ko zai iya. Amma "kana zuwa Juma'a?" bincike ne a kan addininsa, kuma mai tambayar ya san haka.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi. Mu ma mun fara yi wa junanmu. A wasu makarantunmu masu zaman kansu da shagunanmu, malamin lissafi zai zo neman aiki a tambaye shi ko Tijjaniyya yake ko Ahlussunna. Mai neman aikin kanti a tambaye ta ko Bahaushiya ce ko Badagomba ko Mosi, ɗiyar wane gida ce. Alhazai masu makarantu da dukiya, ku ji tsoron Allah. In malamin fiƙihu kuke nema, ku tambayi karatunsa da malamansa, wannan hurumin aikin ne. Mai koyar da lissafi kuwa ku ba shi alli ya hau allo. Da wane baki za mu yi kuka da abin da ake yi wa 'ya'yanmu a ofisoshin Adum, muna yin irinsa a Aboabo?

Matasa, in an jefo muku irin wannan tambaya, kada ku yi faɗa, kada kuma ku yi ƙarya. Ku tambaya cikin ladabi yadda ta shafi aikin. Da kun fito ku rubuta ta yadda aka faɗe ta, da ranar, da waɗanda suka zauna a teburin. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ tana da ofishi a Kumasi, kuma ba a biyan ko sidi ɗaya wajen kai ƙara. Limamai da sarakunan Zango, ku buɗe ƙofa a kawo muku waɗannan labarai, ku tattara su, ku raka yaran nan da ƙafarku. Yarinya ita kaɗai za ta ji tsoron a rufe mata ƙofar wani aikin gobe, amma in limamin unguwarsu yana zaune kusa da ita, za ta faɗi abin da aka tambaye ta.