Daga Sanyin Addis Ababa Zuwa Tsibirin Musha: Jirgin Ƙasa, Raƙuma da Iyaka

A shirin da ya gabata mun leƙa gabashin Afirka, muka bi layin dogon da ya taso daga Addis Ababa, babban birnin Habasha, ya gangara har bakin teku a Jibuti. Ga taƙaitaccen bayanin, don wanda bai samu ji ba.

Addis Ababa a kan tudu take, sama da mita 2,300 daga doron teku, shi ya sa da asuba sai da rigar sanyi. Jibuti kuwa a bakin ruwa take, kuma daga Yuni zuwa Agusta zafinta kan wuce digiri 40. Tsakaninsu akwai layin dogo na kusan kilomita 750, mai aiki da lantarki, wanda kamfanonin ƙasar Sin suka gina. An ƙaddamar da shi a 2016, ya fara jigilar kaya da fasinja a Janairun 2018. Ba shi ne na farko ba: Faransawa sun shimfiɗa wani tun da daɗewa, ya iso Addis Ababa a 1917, amma ya tsufa ya lalace.

Me ya sa Habasha ta damu da wannan hanya? Ai ba ta da teku. Tun da Eritriya ta ɓalle a 1993, sannan yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 1998, sama da kashi 90 cikin 100 na kayan da Habasha ke shigowa da su ko fitarwa ta Jibuti suke bi. Babbar mota kan kwashe kwana uku a hanya. Jirgin an tsara shi ne ya yi tafiyar cikin wuni guda.

To, ga yadda matafiyi ke yi. Tashar fasinja tana Lebu, can bayan gari, don haka sai an yi sammako. Ana sayen tikiti da fasfo, kuma mai niyyar tsallake iyaka ya tanadi bizar Jibuti kafin ya hau. Sai a kula da agogo: Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, wato ƙarfe 8 na safe a wajenmu, su ƙarfe 2 suke ce mata. In an faɗa maka lokaci, tambayi wane agogo ake nufi. Jadawalin ma yakan canza, wani zubin a raba tafiyar biyu a kwana a Dire Dawa. Matambayi ba ya ɓata.

Daga Lebu jirgi na gangarawa ta Bishoftu da Mojo zuwa Adama, cikin gonaki. Da an wuce nan sai ƙasa ta buɗe, ƙayoyi su maye gurbin shuka, a fara ganin garken raƙuma da awaki na makiyayan Oromo da Afar da Somali. A Dewele jami'an Habasha ke buga fasfo, sai kuma na Jibuti su yi nasu binciken a ɗaya ɓangaren. Ɗan kasuwa ya riƙe takardun kayansa a hannu, don a nan ake ɓata lokaci. Bayan Ali Sabieh, jirgi na tsayawa a tashar Nagad, kusa da birnin Jibuti. Kuɗin Habasha, bir, ba ya ci a nan. Sai farankan Jibuti, wanda aka ɗaure da dala, kusan 178 a dala ɗaya.

Daga tashar ruwan birnin ake hayar kwale-kwale mai inji zuwa Musha, tafiyar ƙasa da awa guda. Ƙaramin tsibiri ne na murjani a bakin mashigin Tajura, da farin rairayi, da ruwa garau har kana ganin kifi a ƙasa, da itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Kusa da shi akwai ƙanensa, Maskali. A tafi da ruwan sha da guzuri, a kuma gama ciniki da mai kwale-kwale kan zuwa da dawowa tun kafin a taka ciki. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. An gina layin ne don jirgin fasinja ya yi gudun kilomita 120 a awa, amma sau da yawa ba ya kaiwa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne dabbobi. Dogon ya ratsa makiyaya da hanyoyin zuwa mashaya, mafi yawansa kuma babu shinge. Raƙumi bai san dogo ba. Inda ya saba bi jiya, nan zai bi yau. Tun shekarar farko jirgi ya riƙa buge raƙuma da shanu, masu su kuma su tare hanya, su ce ba inda za shi sai an biya. Fasinja su yi ta zama cikin tarago ana sulhu. A 2018 jaridu sun ruwaito cewa ana biyan diyyar bir 30,000 kan kowane raƙumi. Daga baya dole aka rage gudu a wuraren kiwo.

Kun ga kowa ya yi asara ke nan. Makiyayi ya rasa taguwar da iyalinsa ke shan nononta, kuma kuɗi ba ya haihuwa kamar yadda take haihuwa. Ɗan kasuwa kayansa sun makara. Hukumar jirgi ta biya diyya, ta kuma rasa saurin da aka ci bashi dominsa.

Mu ma abin na tafe. Tun Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya, ƙasar burtali da kasuwannin kan iyaka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Arɗo-arɗo da shugabannin 'yan kasuwa su tambaya tun yanzu: ina mashigar dabbobi za ta kasance, ta dace da burtali da mashaya? In an yi ɓarna, wa ake kai wa ƙara, da wace shaida? A ina za a duba kaya, sau ɗaya ko sau biyu? Yara masu kiwo kuma a koya musu cewa jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota, ko da direba ya gan su.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.