Ginin ƙasa da ginin siminti a Karaye da Rogo

A garuruwan Karaye da Rogo da ke yammacin jihar Kano, bulo da kwanon rufi na ci gaba da maye gurbin tubali da azara, waɗanda Hausawa suka shafe ɗaruruwan shekaru suna gini da su.

Magidanta na da hujjarsu. Ginin ƙasa na bukatar yaɓe kafin kowace damina, kuma soron da aka yi sakaci da indararonsa kan yi yoyo, har ma ya rufta. Azara, wadda ake tsagawa daga itacen giginya, ita ma ta yi tsada saboda ƙarancin itacen.

To sai dai sauyin na da nasa hasara. Bangon ƙasa mai kauri kan tare zafin rana, ba ya sakin sa sai cikin dare, yayin da ɗakin bulo mai rufin kwano ke turara a watannin Maris da Afrilu, a yankin da wutar lantarki ba ta wadata ba.

Wasu kan nemi mafita ta hanyar shafe bangon ƙasa da siminti, amma sau da yawa danshi kan maƙale a ciki, shafen ya ɓamɓare. Magina na da kuwa da makuba suke shafe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

A Jamhuriyar Nijar an gwada wata hanyar ta daban. A shekarar 2018 aka kammala sabon masallacin Dandaji a jihar Tahoua, wanda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka tsara, inda aka yi amfani da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa. Tsohon masallacin ƙasa na garin kuma, maimakon a rushe shi, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Irin wannan bulo ya fi tubali jure ruwa, kuma siminti kaɗan yake ci.

Amma ko da an samu injin a Karaye da Rogo, sai da magina waɗanda suka san ƙasar da ta dace da gini, da yadda ake ɗaure bakan gizo. Wannan ilmi a wurin aiki ake gadonsa, kuma yana raguwa ne gwargwadon yadda masu ba da aikin ke raguwa.