Sabuwar Waya a Hannun Musulmi: Saye, Tsaro da Ɗaukar Hoto

Tambaya:

Malam, na tara ɗan kuɗi ina so in sayi wayar zamani mai kyamara, in saya wa iyalina ɗaya. Wasu sun ce in nemi ta hannu don ta fi araha, wasu sun ce in karɓa bashi ina biya duk wata. Kuma na ji ana cewa ɗaukar hoto haramun ne. Me ya kamata in lura da shi?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, waya kayan aiki ce kamar wuƙa ko mota. Asalinta halal ne, hukuncinta kuma yana bin abin da aka yi da ita. Sai dai ta bambanta da wuƙa ta wata fuska: a cikinta za ka zuba kuɗinka, da sirrin gidanka, da fuskokin mutanen da suka amince maka.

Mu fara da kasuwa. Kafin ka shiga Farm Centre a Kano, ko kowace kasuwar waya ta garinku, ka yanke abin da kake buƙata, domin mai shago aikinsa ya nuna maka abin da ya fi ƙarfin aljihunka. Ga mai kira, da WhatsApp, da sauraron karatu, da harkar banki, wayar da ke da RAM giga 4 zuwa 6, da ma'ajiya giga 128, da batir mai 5000mAh ta wadatar. Ana samun irin wannan a Tecno da Infinix da Redmi da Samsung ba tare da an sayar da gona ba. Abin da mutane ba su cika tambaya ba, alhali ya fi launin waya muhimmanci, shi ne shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko mata da sabuntawar tsaro. Google ta yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ta fito a 2023, Samsung ma haka ga Galaxy S24 a 2024, amma wayoyi masu araha da yawa ba sa samun ko rabin haka. Wayar da aka daina sabuntawa kamar gida ne da aka daina yi wa yaɓe. Idan kuma kana son gano alƙibla da ita, tambayi ko tana da na'urar kamfas a ciki. Wasu ƙananan wayoyi ba su da ita, kuma manhajar alƙibla ba za ta juya daidai ba sai da ita.

Batun bashi yana buƙatar ka karanta takarda da idonka. Sayar da kaya a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu saboda jinkirin biya ya halatta a wurin mafi yawan malamai, matuƙar an tsayar da farashi guda da wa'adi sananne tun a wurin ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, ta kuma hana a ɗora wa mai saye ƙarin kuɗi don ya makara wajen biya. To amma yawancin abin da ake kira "karɓi yanzu, biya daga baya" ba haka yake ba. Wani kamfani ne daban yake biyan mai shago, kai kuma ka zama mai bashin kuɗi a wurinsa da ruwa a kai, da tara idan ka yi latti. Wannan riba ce, ko da an sa mata suna mai daɗi. Ƙaramar waya da ka biya da guminka ta fi maka alheri.

Wayar hannu kuwa babu laifi a sayenta, matsalar ita ce daga hannun wa ta fito. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garuruwanmu, har ana rasa rayuka a kansa, kuma ɓarawo ba zai ci gaba da sata ba in babu mai saye. Idan ka san ta sata ce, ko zatonka ya rinjaya, kamar a kawo maka waya mai tsada a rabin kuɗi babu kwali babu rasit, sayenta haramun ne. Sayen bai mayar da ita taka ba. Ranar da mai ita ya bayyana zai karɓi abarsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka, in ka same shi. A dokar ƙasa ma karɓar kayan sata laifi ne. Don haka danna *#06#, lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. A rubuta maka rasit mai ɗauke da wannan lambar da sunan shagon. Ka sa mai sayarwa ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, sannan a goge wayar ta tashi kamar sabuwa. Wanda ya ce ya manta lambar sirrin asusun, ka mayar masa da kayarsa. Idan kai ne mai sayarwa, bayyana aibi wajibi ne a kanka: gilashin da aka canza, batirin da ya kumbura, ruwan da ta taɓa sha. Mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Ranar da ka kawo ta gida, riga da gilashin kariya su ne abu mafi sauƙi, ba sai an tsawaita ba. Ka dai sani zafi ne babban maƙiyin batir. Kar a bar waya a gaban mota da rana, ko a ƙarƙashin matashi tana caji, kuma a guji cajar da ba a san asalinta ba.

Tsaron da ya fi wannan shi ne na abin da ke ciki. Sa lambar sirri mai lamba 6 ko fiye, wadda ba shekarar haihuwarka ba ce. Zanen da ake ja da yatsa yana barin sawu a gilashi, kuma na kusa da kai a cikin adaidaita sahu yana iya haddace shi da kallo ɗaya. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ɓarawo sau da yawa layinka yake so fiye da wayar. Zai cire shi ya sa a wata ƙaramar waya, saƙonnin bankinka su fara shigo masa, ya gwada lambobin tura kuɗi. Maganin wannan shi ne ka kulle layin kansa da PIN a saitunan tsaro, ka adana lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a kai, domin kuskure uku yana rufe layin. Ka kuma rubuta lambar da bankinka ya tanada don rufe asusu a takarda, ka ajiye a gida. Ranar da waya ta ɓata ba ranar neman lamba ba ce.

A WhatsApp kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo maka, ko da ya ce daga zauren masallacinku yake, ko taron wa'azi za a yi ta intanet, ɗan damfara ne. Da waɗannan lambobin zai ƙwace asusunka ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Haka manhajoji: kasancewar manhaja ta salla ce ko ta azkar bai sa ta zama amintacciya ba. A 2020 rahotannin jarida sun bayyana cewa bayanan wurin da masu amfani da wasu manhajojin lokutan salla suke suna kaiwa hannun dillalan bayanai. Manhajar tasbihi ba ta da hurumin neman ganin hotunanka ko lambobin mutanenka.

Yanzu ga mas'alar hoto. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani a kan suranta abu mai rai, kuma babu saɓani a kan haramcin sassaƙa gumaka. Saɓanin malaman zamani a kan kyamara ne: shin ta shiga cikin wannan gargaɗin? Sheikh Ibn Baz da Sheikh Albani, Allah Ya jiƙan su, suna ganin ta shiga, ba su halatta ba sai don larura ko buƙata, kamar fasfo da katin shaida. Sheikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya ce kyamara ba ta ƙirƙirar sura, tsare inuwar halittar Allah kawai take yi kamar madubi, don haka ya halatta. Sheikh Ibn Usaimin ya tafi a kan cewa hoton nan take ba shi ne surantawar da aka hana ba, amma hukuncinsa yana bin manufar mai ɗauka. Kowane ɓangare yana da hujja. Wanda ya bar hoto don tsantseni kada a yi masa dariya, wanda ya ɗauka bisa fatawar malamin da ya amince da iliminsa kada a fasiƙantar da shi. Hoton abin da ba shi da rai, kamar gona da gini da kayan sayarwa da takarda, duka sun yarda babu komai.

Abin da ya kamata ya fi damunka shi ne wuraren da ba su yi saɓani ba, domin a nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. Malamin da ya halatta hoto bai halatta ɗaukar al'aura ba, bai halatta ɗaukar mutum ba da saninsa ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma kyamarar da aka ɗaga a ɓoye tana cikin wannan.

Ke 'yar'uwa, wannan ya fi shafar ki. A wurin kamu ko walimar mata, mace takan cire mayafi ta yi kwalliya don ta san tsakanin mata take. Da kika ɗauki bidiyo kika ɗora a sitatus, kin shigo da duk mazan da ke da lambarki cikin ɗakin, har da direba da mai kanti. Ita ba ta ba ki izini ba, mijinta ma bai sani ba, kuma abin da mutum ɗaya ya sauke a wayarsa ba ya gogewa da gogewarki. Idan za a ɗauka, a sanar tukuna, mai son rufe jiki ta rufe, mai son kaucewa ta kauce.

Haka masu rugawa wurin hatsarin mota da waya a sama. Mutum yana kwance cikin jini, tufafinsa sun yaye, ana ɗaukarsa maimakon a ɗauke shi. Sau nawa uwa ta fara ganin gawar ɗanta a Facebook kafin a zo mata da ta'aziyya? Alfarmar Musulmi ba ta faɗuwa don ya mutu. Sai kuma hoton sadaka. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin jama'a tana buƙatar shaidar abin da ta raba, wannan gaskiya ne, amma buhunan da rasit sun isa shaida ba sai an tsayar da bazawara da marayunta a gaban kyamara ba. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

Akwai abin da ake jin nauyin faɗa, amma dole a faɗa. Ma'aurata su nisanci ɗaukar junansu a yanayin da ba za su so wani ya gani ba. Ba don kallon juna haramun ne ba, a'a, sai don waya ba ta riƙe amana. Tana ɓata, ana sace ta, yara suna wasa da ita, ana kai ta gyara, aure ma yana mutuwa a rabu cikin fushi. Wayoyi da yawa suna tura hotuna kai tsaye zuwa Google Photos ko iCloud, wanda ka goge kuma yakan zauna a kwandon shara wata guda ko fiye. Saƙon da ake buɗewa sau ɗaya ma ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Hadisi a Sahihu Muslim ya tsananta ƙwarai a kan mai yaɗa sirrin shimfiɗa. In za ka kai gyara, cire layi da katin ajiya, in akwai yanayin gyara a wayar, kamar yadda Samsung da Pixel suke da shi, ka kunna, ko ka tsaya a yi a gabanka. Kai ma mai gyara, buɗe hotunan mutane cin amana ne ko da ba ka kwafa ba.

Ga wanda zai ɗauki abin da ya halatta, kamar mai sayar da atamfa ko turare ta waya, kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Kyamara mai 50 a yawancin wayoyi haɗe ɗigo huɗu take yi ya zama ɗaya, ta ba ka hoto mai kusan 12, kuma ya isa. Haske ne ke yin hoto. Goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu lokacin ƙura, domin mafi yawan hoton da ya yi dishi-dishi maiƙon yatsa ne. Haske ya kasance a bayanka yana faɗa wa abin da kake ɗauka. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana, inuwar bakin ƙofa kuma ta fi hasken filasha fito da launin yadi na gaskiya. Taɓa gilashi a daidai abin da kake so ya fito sarai, ka matsa kusa da ƙafarka maimakon jawo shi da yatsu, don jawowar tana farfasa hoto. Mai ciniki kuma ya kiyayi tace hoto har kaya su fi yadda suke kyau. Wanda ya sayi shadda saboda launin da manhaja ta ƙara mata, an yi masa algus.

Abu na ƙarshe da za ka duba a saitunan kyamara shi ne alamar wuri. Idan tana kunne, kowane hoto yana ɗauke da bayanin daidai inda aka ɗauke shi, kuma wannan bayanin yana iya bin hoton idan an tura shi a matsayin fayil ko ta imel. A wannan zamani na garkuwa da mutane, kashe ta a wayarka da ta iyalinka, kuma ka bar ɗora hoton yara da rigar makarantarsu ko a ƙofar gida.

Allah ne Mafi sani.